Ni da Ƙwalkwabo: Jitar da ta cinye kuɗin mashin ɗina

Duk wanda ya yi zaman situdiyo a Kano a shekarun 2000 ya san fiyano ce uwa, fiyano ce uba. Tun zamanin su Sangaya da Wasila, kusan duk waƙar da kuka taka rawarta a gidan biki, ko kuka haddace daga kaset, daga cikin akwatin Yamaha guda ɗaya ta fito. Ganga a ciki, sarewa a ciki, kalangun ƙarya a ciki, har da wannan kakkauran sautin da ke can ƙasa yana dukan ƙirji, wanda muke kira bes. Mutum ɗaya, yatsu goma, an gama waƙa. Ni ma a nan na tashi. Na fara da shara da sayo wa maigida shayi a wani situdiyo da ke Titin Gidan Zoo, har na kai matsayin da ake barina in danna bes da hannun hagu idan ya fita sallah.

To mai karatu, labarin da zan ba ka na yadda na bar wannan inuwa mai sanyi ne na shiga rana da ƙafata.

A 2005 na kwashi adashin da na shekara biyu ina zubawa. Niyyata in sayi Jincheng, in riƙa ɗan taɓa acaɓa da safe kafin a buɗe situdiyo. Mahaifiyata ta san da maganar, har ta sa albarka. Ranar da zan je sayen mashin sai maigida ya aike ni Sabon Gari in sayo masa wayar makirfo, a irin shagunan nan da masu kiɗan coci da na otal suke sayayya. Ina shiga na gan ta a rataye, baƙa, ta sha duniya, fentin gefenta duk ya goge. Jitar bes ce mai tsirkiya huɗu, tokumbo. Na tambayi kuɗi don wasa kawai. Da mai shagon ya faɗa sai na ga bai kai rabin na 'yan'uwanta da ke kusa da ita ba. Ai da na tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Ban tuna ba. Na haɗa da wata 'yar amfilifaya mai tari, na biya, abin da ya rage a aljihuna ko tayar mashin ba zai saya ba.

Sai da na dawo abokan aiki suka nuna mini abin da na sayo. Duk jitar da ka saba gani a hannun jarumin fim ɗin Indiya, in ka lura, akwai wasu siraran ƙarafa da aka jera a gicciye a wuyanta. Makaɗa na kiransu firet. Aikinsu shi ne su tsayar da tsirkiya a daidai inda sauti yake. Kai dai danna ko'ina a tsakanin ƙarfe biyu, ƙarfen zai gyara maka sauran. Tawa ba ta da ko ɗaya. Wani mai ita na da can ya bi ya cire su tas, ya cike ramukan da wani abu fari-fari, sai layuka kawai suka rage. Wuya sumul kamar an yi mata aski. A ranar wani ɗan iska a cikinmu ya raɗa mata suna Ƙwalkwabo, sunan kuma ya bi ta har yau.

A gida ban sha da daɗi ba. Mahaifiyata ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne mashin ɗin? Gogen Turawa ka sayo mana?" Mahaifina bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sai daga baya na gane abin da ya dame su. A garin nan, mai zama gaban fiyano da kwamfuta injiniya ake ce masa, ko a ce yana aikin na'ura. Amma da zarar ka rungumi abu mai tsirkiya, ka zama makaɗi, ko da kuwa waƙa ɗaya kuke yi wa aiki. Yarinyar da nake nema a lokacin, wani kawunta ya gan ni a kan mashin ɗin haya da jita a baya. Maganar ba ta ƙara sati uku ba. Ba zan ce jitar ce kaɗai ta raba mu ba, amma ita ce aka ambata.

Wata uku ina fama da ita a ɗaki, na ga kamar na iya. Na roƙi maigida ya bar ni in sa ta a wata waƙar soyayya da muke haɗa wa wani furodusa. Ya yarda. Na kaɗa, ni a kunnena lafiya lau. Da aka zo ɗora murya sai mawaƙiyar ta yi ta kaucewa, a sake, ta kauce, a sake. Ita da ba ta saba haka ba. Can furodusa ya ce a kashe komai a bar bes kaɗai. Jama'a! Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kowane sauti yana kusa da inda ya kamata, amma babu wanda ya zauna a kai. Wani ya ɗara, wani ya gaza. Furodusa ya ce, "Wace saniya ce ke kuka a ƙarƙashin waƙata?" Aka goge aikina, maigida ya maye shi da fiyano cikin minti biyar, ya ce da ni a hankali, "Ka bar ta a gida, ko kuma ka zauna tare da ita a can."

Abin da ya fi ba ni tsoro ba dariyar da aka yi ba ne. Shi ne cewa ni ban ji kuskuren ba a lokacin da nake yin sa. Shekara biyar ina cikin kiɗa ashe kunnena barci yake. Fiyano ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ka danna, ta ba ka abin da aka saita mata tun daga kamfani.

Wanda ya hana ni mayar da ita shago wani abokina ne da ke kaɗa bes a coci a Sabon Gari, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin birni. Ya yi dariya ya ce ba lalatacciya na saya ba, haka wasu ke nemanta da gangan. Ya ba ni aron kaset ɗin Graceland na Paul Simon, wanda ya fito a 1986, ya ce in saurari ƙasan waƙoƙin, kar in kula da Turancin. Mai bes ɗin ɗan Afirka ta Kudu ne, Bakithi Kumalo, kuma mara firet yake kaɗawa. Na ji abu yana zamewa daga sauti zuwa sauti, yana miƙewa yana lanƙwasa kamar mutum na magana da baki a rufe. Daga baya na karanta cewa shi ma ya sayi tasa ne don ita ce mafi araha a shagon. Ka ji ɗan'uwa!

Daga nan na shiga bin diddigi. Ashe babban bes na katako da ake kaɗawa a tsaye a kiɗan jaz, dama can ba shi da firet. Da Leo Fender ya fito da bes na lantarki a Amurka a 1951, ya sa masa ƙarafan nan, ya kuma raɗa masa suna Precision, wato mai faɗawa daidai, don mai jita ya ɗauka ya kaɗa ba tare da ya sha irin wahalar da nake sha ba. Sai ga wasu sun koma suna cirewa. Wanda ya fi shahara shi ne Jaco Pastorius, mutumin Fulorida, da ya kaɗa wa ƙungiyar Weather Report a shekarun 1970. Tasa Fender Jazz ce ƙirar 1962, aka cire mata ƙarafa, ya shafe wuyan da irin gam ɗin da ake shafa wa jirgin ruwa. Ya rasu a 1987 yana da shekara 35, bayan dukan da aka yi masa a ƙofar wani gidan rawa. Faifansa ne Richard Bona, ɗan Kamaru maƙwabtanmu, ya ji a Duwala yana matashi, ya koma kaɗa bes. Duk wannan ya sanyaya mini rai, amma bai gyara mini yatsa ko ɗaya ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Tsawon tsirkiyar irin wannan bes, daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya, inci 34 ne. A can kusa da kai, tsakanin sauti da mai bi masa kusan inci biyu ne. Kana tahowa wajen ciki tazarar tana tsukewa, in ka kai tsakiyar tsirkiya, wato inci 17, ta koma ƙasa da inci ɗaya. Ke nan buɗin yatsun da ya yi maka daidai a nan, can ba zai yi ba. Kuma ba tsakanin layi ake dannawa ba, a kan layin ne cif, ɗan mirgina yatsa kaɗan ma ya isa ya canza sautin. Ni kuwa wata uku ina bin ɗige-ɗigen da ke gefen wuya, ban san cewa tun zamanin da take da firet aka yi su ba, suna nuna tsakiyar gida ne, ba bakin layi ba. Saniyar furodusa ke nan.

Na gyara wannan, na koma kallon layi kamar mai karatun allo. Wuyana ya sanƙare. Na sami sauƙi, amma da an ɗauke wuta ko na ɗaga kai in kalli wani, shi ke nan na ɓace.

Sai 2007 ta zo, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda industiri ta yi tsit. Wasu suka koma Kaduna, wasu suka kama wata sana'ar. Situdiyonmu sai a wuni ba a kunna janareto ba. Ni da ba ni da mashin ɗin da zan yi acaɓa, sai zaman gida da Ƙwalkwabo. A cikin watannin nan ne wani tsoho mai goge, mutumin Maraɗi, ya sauka a gidan maƙwabcinmu. Yana jin gurnanina ta katanga kullum. Ran nan ya aiko yaro wai mai kukan nan ya zo.

Na je da ita da 'yar amfilifayata. Ya shafa wuyan da babban yatsa, ya ce, "To ai wannan 'yar gidanmu ce." Ya ciro gogensa daga jaka: ɓarin ƙwarya, fata, tsirkiyar izgar doki guda ɗaya. In ka lura da mai goge, ko danna tsirkiyar a jikin itace ba ya yi, taɓa ta kawai yake da yatsu a iska. Babu layi, babu ɗigo. Haka kukuma, haka gurmi, haka kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, babu mai ƙarfen da zai nuna maka hanya. Na je har Fulorida neman dangin jitata, ashe suna bayan katangarmu.

Ya ce in bi shi. Ya ja wani taki mai sauti biyar, yana maimaitawa. Na lalubo huɗu, suka zauna. Na biyar ya ƙi. Na duba, yatsana yana kan layi daram.

"Sauko kaɗan, yaro."

Na matsa.

"Ka yi yawa. Kamar faɗin ƙwayar dawa."

Na ce, "Baba, ai layin a nan yake."

Ya tsayar da baka ya dube ni. "Wa ya zana layin? Ya taɓa jin waƙar nan?"

Na sauko faɗin ƙwayar dawa, sai na ji abu ya kulle. Sautina da nasa suka zama ɗaya, har tsikar jikina ta tashi. Wurin da na danna babu shi a fiyano ko kaɗan. Yana tsakanin maɓalli biyu ne, inda babu abin dannawa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a unguwar, kullum bayan isha'i ina wurinsa. Bai san sunan tsirkiya ko ɗaya ba, E da A da D da G duk ba ruwansa. Abu biyu ya koya mini. Na farko, kar in taɓa sautin da ban fara rera shi da bakina ba, wai hannu bawan maƙogwaro ne. Na biyu, in bar tsirkiya ɗaya tana amo a sake, in kaɗa wata a kanta, in saurari faɗan da suke yi. Gaskiya ne kuwa: idan sauti biyu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, za ka ji wani kaɗawa, wuu-wuu-wuu, da sauri. Kana matsowa yana rage gudu, in ka iso sai ya kwanta ɗif kamar ruwan randa. Ya sa na naɗe layukan gefe da baƙin salatif. Ɗauke wuta da nake tsinewa sai ya zama lokacin darasi, don bes ko ba lantarki in ka jingina haɓarka a jikinta za ka ji ta a ƙashinka. Da zai tafi na ba shi 'yan kuɗin mota, ya karɓa, ya ce in riƙa yanke farce.

Bayan tafiyarsa na yi ta tunanin mawaƙanmu mata. Sau nawa na ji an ce da yarinya "kin fita daga ki", a sa ta maimaita har ta yi kuka? Wani lokacin ta fita ɗin, kar mu yi wa kanmu ƙarya. Amma wani lokacin abin da ta ji a bakin kakarta wajen daka ko niƙa take rerawa, akwatin ne ba shi da wurin ajiye shi. Hausa kanta hawa da sauka ce, kalma ɗaya sai ta faro a sama ta zube ƙasa. Su ma Indiyawan da muke kwaikwayo, ai wannan jan muryar ne ke kama mana zuciya, kuma suna da sarod da sarangi, duk marasa firet. Mun ɗauko jan muryar, muka aza shi a kan matakalar bene.

Zama da Ƙwalkwabo kuma wani aure ne daban. Nauyinta ya kai kilo huɗu, kafaɗata ta hagu ta san da haka. Yatsuna sun yi bororo, sun fashe, sun yi kanta. Tsirkiyar da na same ta da ita irin mai kaushin nan ce, ashe tana cin katakon wuya tunda babu ƙarfen da zai tare ta, sai da na ga ramuka sun fito kamar hanyar tururuwa. Na kai wa wani kafinta, muka goge da samfefa, muka shafa Araldite a hankali, muka sake gogewa. Jaco na talaka ke nan. Ya yi, amma akwai wani ɗan tudu kusa da layi na bakwai da har yau nake kewaye shi. Daga baya na sami tsirkiya mai santsi, wadda ba ta cin itace, sai dai muryarta ta fi dushewa. Kafin nan, in tsirkiya ta mutu, tafasa ta nake a tukunya in shanya, ta ɗan farfaɗo na sati biyu. Uwargida, da Allah ya haɗa mu a 2010, ta ware mini tukunya guda ta ce kar ta ƙara ganin wayoyina a ta miya.

Ga hunturu. Da iskar nan ta bushe sai wuyan ya motsa, tsirkiya ta kwanta tana zizara a jikin katako. Da damina ta sauka ya koma wata fuskar. Akwai wani dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki, kwata ɗin zagaye kawai, a bar shi ya kwana, a sake dubawa. Sau biyu a shekara nake wannan, kamar mai kai yaro rigakafi. Sannan bayan abin da ya faru a Kano a Janairun 2012, da shingayen bincike suka cika gari, ka yi tunanin mutum da doguwar baƙar jaka a baya. Sau nawa aka sauke ni aka ce in buɗe a hankali? Wani jami'i ma da ya gani sai ya ce in kaɗa masa ya tabbatar. Na kaɗa, ba amfilifaya, bai ji komai ba, ya ce in tafi Allah ya sawwaƙe. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 na koma A Daidaita Sahu, inda nake biyan kuɗin mutum biyu. Abokaina suka ce to ka ga, da mashin ɗin ka saya ma da yanzu ya zama tarihi. Ban amsa ba, don na san da ya riga ya mayar da kuɗinsa sau goma.

Ranar da ta shiga fim da gaske ba ta da wani armashi a ido. Waƙar baƙin ciki ce, inda jaruma ke tuna mahaifiyarta da ta rasu. Mawaƙiyar tana jan ƙarshen kowane baiti tana saukowa a hankali, bes ɗin fiyano kuma yana tsaye ƙiƙam a ƙarƙashinta kamar ginin siminti. Maigida da kansa, wanda ya ce in bar ta a gida, ya juyo ya ce, "Kai, ina gogen nan naka?" Na je na ɗauko. Sauti bai fi shida ba na kaɗa a duk baitin. Inda ta sauko na sauko tare da ita, inda ta tsaya a tsakanin maɓalli na tsaya a can. Da aka kunna, babu wanda ya yi magana, sai mawaƙiyar ta ce a ƙara kunnawa. Sunana bai fito a jerin ma'aikata ba, kuɗin da aka ba ni kuwa na tsirkiya biyu ne. Amma na ga mata suna share hawaye a wurin nan a gidan maƙwabta, ba su san akwai wata Ƙwalkwabo a ƙarƙashin kukan nasu ba. Mahaifiyata ma ta kalla. Na ce mata ni ne a nan. Ta ce, "Ina?" Na ce wannan mai gurnanin. Ta ce, "To, madalla."

Yanzu zamani ya wuce fiyano ma. Kwamfuta ce ke komai, ga Auto-Tune da ke kama muryar mawaƙi ta ja ta zuwa kan layi ko ta so ko ta ƙi. Ni a ganina firet aka sa wa maƙogwaro. Ba na zagin yaran, suna fitar da abubuwa masu daɗi, kuma sun fi mu sanin kasuwa. Sai dai idan aka daidaita murya tsaf haka, bes mai zamewa ba shi da abokin tafiya, dole ni ma in koma kan layi in tsaya. Shi ya sa kiran da ake yi mini bai fi a ƙirga da yatsu ba a shekara. Abincina yana wajen haɗa sauti ne da gyaran murya, wato da hannuna nake ja wa wasu layin da Baba ya hana ni bi.

Kwanan baya wani matashin mai haɗa kiɗa, sa'an ƙanena na uku, ya kira ni wai yana son "irin sautin da" a waƙar wani fim mai dogon zango. Na je na kaɗa masa, ya yi ta jinjina kai yana cewa, "Yaya, wannan abu ya yi." Ina naɗe waya sai na hango allon kwamfutarsa. Ya baje sautina, yana bin duk inda na zame yana miƙar da shi da linzami, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ƙanena, don Allah bar mini guda ɗaya."

Ya ce, "Wanne?"

Na nuna masa na ƙarshen amshi na biyu, inda na sauko faɗin ƙwayar dawa. Ya saurara sau uku da abin kunne, ya ce kwamfuta ta nuna ja a wurin. Na ce na sani. Ya ɗan yi shiru, ya ɗage hannunsa daga kan linzamin, ya wuce na gaba.